Gwajin bayan labule: mabushi ake aunawa ko ƙahonsa?

Kujerar mabushin ƙaho a babbar okestira, wato ƙungiyar nan ta Turai da Amurka mai makaɗa kusan ɗari, ba kullum take samuwa ba. Wanda ya hau ta yakan tsufa a kanta. Dale Clevenger ya riƙe kujerar babban mabushi a okestirar Shikago daga 1966 har 2013, shekara 47 cur. Shi ya sa ran da aka ji gurbi ya buɗe, takardun nema kan haura ɗari, mutane su taso daga uwa duniya, kowa shi zai biya wa kansa jirgi da masauki. A zagayen farko mintoci kaɗan ake ba mutum, ya busa 'yan gutsattsarin da aka tsamo daga manyan ayyukan kiɗa, sai ya ji an ce an gode. Duk shekarun da ya kwashe yana koyo, a cikin mintocin nan ake yanke musu hukunci.

Don gudun son kai, yawancin ƙungiyoyin sun rungumi tsarin labule. Alƙalai, waɗanda galibinsu makaɗan ƙungiyar ne, suna zaune a kujerun 'yan kallo, an gitta ƙaton labule ko allon katako tsakaninsu da dandamali. Mai neman aiki ba shi da suna, lamba aka ba shi. Akan shimfiɗa kafet tun daga ƙofa har kujerar da zai zauna, domin ƙarar takalmi kaɗai ta isa ta tona cewa mace ce ke tafe, wani wurin ma cewa ake a tuɓe takalmin. Ba a yarda ya buɗe baki ba. In tambaya ta kama shi sai ya raɗa wa jami'in da ke tsaye gefensa, shi kuma ya ɗaga murya ya isar wa alƙalai.

Okestirar Boston ta fara sa labule a zagayen farko tun 1952, amma sai a shekarun 1970 da 1980 abin ya game Amurka. Kafin nan madugun ƙungiya, mai riƙe da sanda a gaba, shi ke da wuƙa da nama: ya saurari ɗalibin abokinsa a keɓe, ya ba shi aiki, ba mai ce masa don me. A 1969 wasu makaɗa baƙar fata biyu, Art Davis da Earl Madison, suka kai okestirar New York ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin bisa zargin wariya. Ba su ci nasara a kan babban zargin ba, sai dai ƙarar ta ƙara matsa lamba a gyara hanyar ɗaukar aiki.

Mata masu busa sun ga amfanin labulen ƙuru-ƙuru, don su aka daɗe ana cewa ba su da huhun busa ƙarfe. Abbie Conant, mai busa turombon, ta ci gwaji a bayan labule a okestirar Munik a 1980. Da aka ga mace ce sai madugu Sergiu Celibidache ya mayar da ita kujera ta biyu, har aka kai ga likita ya auna mata huhu, ta kwashe shekara 13 tana fafutuka, har da shari'a, kafin ta samu matsayinta da albashi daidai da na maza. Julie Landsman kuwa a bayan labule ta ci kujerar babbar mabushiyar ƙaho a gidan opera na Metropolitan da ke New York a 1985, ta zauna a kai har 2010. A shekarar 2000 masana tattalin arziki biyu, Claudia Goldin da Cecilia Rouse, suka fitar da binciken da ya nuna labule na ƙara wa mata damar tsallake zagayen farko. Daga baya wasu masana ƙididdiga sun ce alƙaluman binciken ba su kai ƙarfin da aka ɗora musu ba, kuma sukar tasu abin dubawa ce. Duk da haka ban ga mai hankalin da zai so a koma zamanin da madugu ke zaɓe da ido ba.

To amma akwai abin da labule bai iya tarewa, shi ne amon ƙahon da mutum ya shigo da shi. A nan rigimar take, kuma ba za a gane ta ba sai an san yadda ƙarfen yake aiki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kakaki a ƙofar fada ya san cewa dogon bututu marar ramukan yatsa ba ya ba da kowane sauti da aka ga dama. 'Yan matakai ne ƙidayayyu, mai busa na hawa daga wannan zuwa wancan da matsin leɓe da ƙarfin numfashi. Ƙahon okestira, wanda wasu ke kira ƙahon Faransa, asalinsa haka yake, illa dai shi an nannaɗe shi don ya riƙu a hannu. In aka miƙe wanda ake kira ƙahon F, da sunan sautin da aka gina shi a kai, tsawonsa ya kai kimanin mita 3.7. Matakan sautin da ke cikin irin wannan bututu suna da tazara a ƙasa, amma da an fara hawa sai su riƙa matsowa kusa da juna, kuma a can sama inda suka cunkushe ne mabushin ƙaho yake yawancin aikinsa. Leɓe ya goce da ɗan ƙanƙanin abu, sai sauti ya faɗa matakin maƙwabci, ya fashe a gaban jama'a. Wannan ne ya sa ake yi wa ƙaho kallon ɗaya daga cikin kayan kiɗa mafi hatsari a okestira, kuma gwanaye ma ba su tsira ba.

Tarihin ƙaho kusan duka tarihin neman rage wannan hatsari ne. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul a ƙasar Jamus, wanda in an danna shi yake ƙara wa iska hanya, ta haka aka samu sautukan da da babu su. A 1897 masana'antar Kruspe da ke garin Erfurt ta fito da ƙaho mai hanya biyu: dogon bututun F na nan, an haɗa masa gajere mai kimanin mita 2.7 da ake kira B♭, ana sauyawa tsakaninsu da babban yatsa. Amfanin gajeren shi ne matakansa sun fi tazara a wurin da na dogon suka cunkushe, don haka leɓe ya fi samun inda zai sauka. Wannan mai hanya biyun shi ne ƙahon yau da kullum a kusan ko'ina. Daga baya aka ƙera wanda ke da bututun da bai wuce rabin tsawon na F ba, don sautukan can ƙololuwa, ana ce masa deskant. A shekarun 1960 kamfanin Paxman na Landan, tare da mai zanensa Richard Merewether, ya haɗa ukun a jiki ɗaya, aka samu ƙaho mai hanya uku. Maƙerin Jamus Engelbert Schmid ya zo ya rage masa nauyi, har manyan mabusa suka fara riƙe shi a matsayin ƙahonsu na kullum.

Yanzu a dubi abin da ake ba mai neman kujerar sama, wato ta mai busa sautukan sama, ya busa. Akwai rabon ƙaho a kanshato (kiɗan da wasu makaɗa ke fitowa gaba okestira na mara musu baya) na farko cikin na Brandenburg da Bach ya rubuta, akwai simfoni (dogon kiɗan okestira baki ɗaya) ta 31 ta Haydn, da ta 7 ta Beethoven, da wani ɗan gutsure a kanshaton piyano na Ravel wanda ke hawa sama a hankali cikin taushi, inda ba wurin ɓuya. Mutum biyu sun shigo ɗaya bayan ɗaya. Na farko da mai hanya biyu, na biyu da mai hanya uku, ya danna yatsa ya koma kan ɗan gajeren bututu, ya haye lafiya. Alƙalai ba su ga komai ba. Nan ne wasu ke cewa an yi maguɗi, wai na biyun ya sayi da kuɗi abin da na farko ya sha wuyar shekaru yana nema da leɓensa.

Ni wannan zargi bai gamsar da ni ba, kuma dalilina yana cikin tarihin ƙahon kansa. Babu wani ci gaba da aka samu a wannan ƙarfe da ba a fara kiransa ragwanci ba. Brahms ya fi son tsohon ƙaho marar bawul, shi ya nufa da aikin da ya rubuta wa ƙaho da goge da piyano a 1865, shekaru kusan hamsin bayan bawul ya fito. Babbar makarantar kiɗa ta Paris ta ci gaba da koyar da marar bawul har farkon ƙarni na 20. Dennis Brain, gwanin Ingila da har yau ake buga misali da shi, ya bar siririn ƙahonsa ƙirar Faransa a farkon shekarun 1950 ya koma na Alexander mai gajeren bututu, masu ƙaunar tsohon amonsa suka yi ta ƙorafi. Philip Myers, babban mabushin okestirar New York daga 1980 zuwa 2017, ya shafe shekaru da mai hanya biyu kafin ya koma mai hanya uku na Schmid, ba kuma wanda ya ce ya daina zama gwani. In ana maganar abin da Bach ko Haydn suka sani ne, to mai hanya biyun ma baƙo ne a wurinsu, don su marar bawul suka rubuta wa.

Sannan gajeren bututu ba ya busa kansa. Sautin sama yana buƙatar leɓe ya kaɗa da saurin da ya dace ko da wane ƙaho aka riƙe, wanda leɓensa bai kai can ba, ƙarfe ba zai kai shi ba. Abin da bututun ke bayarwa shi ne ƙarin tabbacin sauka daidai, kuma akwai farashinsa. Mai hanya uku ya fi nauyi a hannu, dannin yatsunsa ya fi yawa, kuma amon ɗan gajeren bututun yakan fito siriri, ya rasa kaurin nan da zagaye da ake son ƙaho dominsa. Gwani ne kawai ke iya sauya hanya a tsakiyar jimla ba tare da an ji ɗinkin ba. Idan an ji, alƙalai na da kunne, sai su rage masa maki. Idan ba a ji ba, to me aka cuci okestira da shi? Ran da ya kama aiki da wannan ƙahon zai zauna a dandamali, 'yan kallo kuma abin da zai isa kunnensu ke nan.

Akwai dai hujja ɗaya ta masu adawa da nake ganin nauyinta. Gwaji ɗan samfuri ne da ake so a hango shekara talatin da shi. Alƙali na son sanin ko mutumin nan yana da tushe, ko zai iya jure simfonin Mahler ko Bruckner na fiye da awa ɗaya bai gaji ba, yana kuma tsoron kada kayan aiki su lulluɓe masa wani rauni. Tsoron na da ma'ana, amma maganinsa na hannun kwamiti: su tsara jerin gutsattsarin da zai fito da juriya da kaurin amo, ko su rubuta ƙarara a sanarwa cewa da mai hanya biyu suke son jin kaza da kaza. Wasu ƙungiyoyin suna yin haka. Da yawa kuwa shiru suke yi, su bar mutane da zato.

Rigima ta biyu ta fi wannan zurfi, ita ce ta makarantun amo. Ko a cikin masu hanya biyu, ƙaho ba ɗaya ba ne. A Amurka an daɗe da rabuwa gida biyu. Anton Horner, wanda ya daɗe yana babban mabushi a Filadelfiya, ya sa Kruspe ta ƙera masa ƙaho mai faffaɗan maƙogwaro, daga baya kamfanin Conn da ke Elkhart a jihar Indiyana ya kwaikwayi ƙirar ya fito da samfurin 8D a ƙarshen shekarun 1930. Da gaurayen nikel mai launin azurfa ake yinsa, amonsa mai kauri ne da duhu da faɗi. Shi ya mamaye New York da Filadelfiya da Cleveland shekaru da dama, shi ne kuma amon da aka saba ji a kiɗan finafinan Hollywood. A Shikago kuwa maƙeri Carl Geyer ya yi suna da ƙaho na tagulla mai matsattsen maƙogwaro, amonsa ya fi haske da kaifi, yana saurin amsawa. A Jamus samfurin 103 na gidan Alexander da ke Mainz, gidan da aka kafa tun 1782, shi ne sarki, kuma da shi aka san layin ƙaho na okestirar Balin.

Ƙaho yana da wata ɗabi'a da ke ƙara dagula lissafi. Faffaɗan bakinsa da sauti ke fita baya yake kallo, hannun dama na mai busa na cikinsa, don haka abin da alƙali ke ji amsa-kuwwa ce daga bangon da ke bayan dandamali. Ƙahon da ya cika kunne a ɗan ƙaramin ɗaki yana iya dusashewa a babban zaure, wanda ya yi kaushi a kusa kuma ya isa kujerar ƙarshe tas. Mutum shi kaɗai a dandamali wayam, ga labule mai kauri a gaba, ba lalle ne amonsa ya zama irin wanda zai fito ran da makaɗa tamanin suka kewaye shi ba.

Alƙalin da ya yi shekara ashirin yana zaune a layin da kowa ke riƙe da ƙaho iri ɗaya, kunnensa ya riga ya yanke abin da ake kira amo mai kyau. Wani ya shigo ya busa komai daidai, ba fashewa, ba gaggawa, ga daɗin jimla, amma da amon ɗaya gidan. Sai a rubuta a takarda cewa ba zai saje da mu ba, a wuce na gaba. Kada a ɗauka wannan magana ƙarya ce tsagwaronta. Mabusa ƙaho yawanci huɗu ne a layi, na ɗaya da na uku a sama, na biyu da na huɗu a ƙasa, kuma sau da yawa ana so muryoyinsu su narke su zama ɗaya. Ƙungiya na da haƙƙin kare amon da aka san ta da shi, ni ma ba na fatan ranar da okestirar Balin da ta Shikago da ta Landan za su zama ba a iya bambance su.

Inda zalunci ke shigowa shi ne ta hanyar da wannan fifiko ke bi a ɓoye. Babban mabushin okestirar birni sau da yawa shi ne malami a makarantar kiɗan birnin, kamar yadda aka daɗe ana gani tsakanin okestirar Filadelfiya da makarantar Curtis, ko New York da Juilliard. Ɗalibinsa ya san ƙahon da ake so, ya san saurin da ake ɗaukar kowane gutsure, ya san inda malam ke shan numfashi. Ba sai ya faɗi sunansa ba, jimla biyu zai busa a gane ɗan gida ne. Ba na zargin alƙalin da mugunta, abin da ya saba da shi ne ya ji, ya yi masa daɗi. Sai dai sakamakon bai da nisa da na zamanin da ake kiran ɗalibin aboki a keɓe: wanda ya yi karatu a wani gari, wajen wani malami, ya faɗi tun kafin ya zauna, kuma bai san dalili ba.

Daga nan sai masu nema su shiga caca. Mutum ya yi ta bin faifan ƙungiyar da hotunanta yana leƙen irin ƙahon da ke hannunsu, ya tambayi wanda ya taɓa zuwa, ya ara ko ya saya. Malamai da yawa na gargaɗin kada a sauya ƙaho ana gab da gwaji, kuma gaskiya suka faɗa, don kowane ƙaho da inda sautukansa suke zama, leɓe na bukatar watanni kafin ya amince da sabon wuri. Wanda ya sauya ya ɗauki hatsarin fashewa, wanda bai sauya ba ya ɗauki hatsarin a ce bai saje ba. Abin takaicin kuma, mabusa da kansu sun sha faɗin cewa kaso mai yawa na amo daga mutum yake fitowa: yadda ya sa hannu a bakin ƙaho, irin bututun bakin da ya zaɓa, yadda yake tura iska, da amon da yake ji a kansa tun kafin ya busa. Gwani in aka zaunar da shi a sabon layi yakan karkata zuwa amonsu cikin ɗan lokaci. Sarah Willis an haife ta a Amurka, ta yi karatu a makarantar Guildhall ta Landan, ta je Jamus ta yi aiki, a 2001 ta zama mace ta farko a sashen masu busa ƙarfe na okestirar Balin, tana riƙe da ƙahon Alexander kamar sauran. Wato abin da ake kayar da mutane a kansa abu ne da ake iya koya, ake iya saya.

Saye kuwa sai mai hali. Sabon ƙaho mai hanya biyu na ƙwararru daga hannun sanannen maƙeri yakan haura dala 10,000, mai hanya uku ya fi haka nesa ba kusa ba, wasu maƙeran ma sai an yi layin jira. Ɗalibin da ya gama makaranta da bashi a wuya, yana 'yan koyarwa da kiɗan biki don ya ci abinci, ƙaho ɗaya gare shi, da shi zai je ko'ina. Ɗan masu shi zai zo da biyu, ɗaya a hannu ɗaya a ajiye gefen kujera, ya ɗauki wanda ya dace da kowane gutsure. A 2020 mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times, Anthony Tommasini, ya yi kira da a cire labule gaba ɗaya don a samu damar ɗaukar baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, yana kafa hujja da ƙididdigar 2014 da ta nuna baƙar fata kashi 1.8 ne kacal cikin ɗari na makaɗan okestirar Amurka. Damuwarsa gaskiya ce, amma a ganina ya kama inda ba nan ke ciwo ba. Giɓin tun a hanya yake faruwa, wajen kuɗin malami da kuɗin ƙaho da kuɗin jirgi, kafin a iso bakin labule. Shirin da ƙungiyar Sphinx da wasu abokan aikinta suka kafa a 2018 don tallafa wa irin waɗannan makaɗa da horo da kuɗin zuwa gwaji ya fi kusa da tushen matsalar.

Akwai kuma lokacin da ake yaye labulen. Ƙungiyoyi da dama a zagayen ƙarshe suke cire shi, wai don su ga yadda mutum yake a dandamali, ko su zaunar da shi cikin layi su busa tare. Metropolitan na cikin waɗanda suka yi suna da barinsa har ƙarshe. Da an yaye, ido ya fara aiki. Alƙali zai ga launin azurfa ko na tagulla, zai ga ƙarin bawul da tarin bututu, daga nesa ya san ƙirar waye. Kuma an gwada yadda ido ke rinjayar kunne. A gwajin da Claudia Fritz da abokan aikinta suka yi, wanda aka buga a 2012, an sa wa ƙwararrun masu goge baƙin tabarau aka miƙa musu tsofaffin gogen Italiya, har da na shahararren maƙeri Stradivari, gauraye da sababbi, yawancinsu suka zaɓi sabo a matsayin wanda suka fi so. Chia-Jung Tsay kuma a 2013 ta nuna cewa mutanen da aka nuna wa bidiyon gasar kiɗa ba murya sun fi iya canko wanda ya ci fiye da waɗanda suka ji muryar kaɗai. Alƙalin da zagaye biyu ya yi yana yaba amon lamba kaza, yana iya fara jin sirantaka a cikinsa da zarar ya ga hanya uku ce, kuma zai rantse kunnensa ne ya gaya masa.

Biyana, babban birnin Ostiriya, ta bi wata hanya dabam. Can har yau da ƙahonsu na gargajiya suke aiki, mai dogon bututun F shi kaɗai, matsattse, da wani irin bawul mai tagwayen fistin da ya samo asali tun ƙarni na 19. Ya fi kowane hatsari a sama, amma yana da laushin zamewa daga sauti zuwa sauti da suke ganin ya cancanci hatsarin. Mai son kujera a can ya san da wannan ƙahon zai zo, ba zato ba caca. Ƙofa ce ƙunci, gaskiya, kuma babbar okestirar birnin ba abar koyi ba ce a tarihin adalci, tunda sai a 1997 ta amince da mace a matsayin cikakkiyar mamba, Anna Lelkes mai kaɗa harp, babban kayan kiɗan nan mai tarin tsirkiya, bayan ta yi shekaru fiye da ashirin tana yi musu aiki. Amma a kan batun ƙaho kaɗai, sun faɗi abin da suke so a fili, kowa ya ji. Wannan ya fi mutunta mai nema fiye da ƙungiyar da za ta ce kowa ya zo da abin da yake so, alhali a zuci ta riga ta san wanda za ta ɗauka.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan kwamiti bai da tsada. In suna da amon da suke nema, su rubuta shi a sanarwar gurbi, su ambaci ƙahon da layinsu ke riƙewa. In sun yarda a zo da deskant ko mai hanya uku, su faɗa, su kuma faɗi a wane gutsure. In ba su yarda ba, su faɗa tun kafin mutum ya sayi tikiti. Labule ya tsaya har a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, busa tare da layi ma ana iya yinta a bayansa. Tambayar ko zai saje kuwa tana da wurin da aka tanadar mata tun da can, wato lokacin gwajin aiki, shekara ɗaya ko biyu da sabon ɗauka ke yi kafin a tabbatar da shi. A nan ne za a ji shi cikin cikakkiyar ƙungiya, a zauren da zai yi aiki, da ƙahon da suke so a hannunsa. A Jamus an saba okestira ta ba ma'aikaci kayan kiɗa na aiki, ko ta biya shi alawus in da nasa yake amfani. Ƙungiyar da ke da kasafin miliyoyi, wadda za ta riƙe mutum shekara talatin, ba ƙaho ɗaya ne zai gagare ta ba. In ta nace sai kowa ya riƙe ƙirar Geyer ko Alexander, ita ya kamata ta saya wa wanda ya ci, ta ba shi watannin da leɓensa zai saba.

Sai kuma haƙƙin wanda ya faɗi. Ba abin mamaki ba ne a yi kwanaki ana sauraron mutane da dama a tashi ba a ɗauki kowa ba, a sake sanarwa bayan wata shida. Waɗanda suka zo sun koma gida da ramin kuɗi a aljihu, yawancinsu ba wanda ya ce musu uffan game da dalili. Mabushin da aka kayar saboda ba ya riƙe saurin kiɗa daidai yana da aikin da zai koma ya yi a ɗaki. Wanda aka kayar saboda amon ƙahonsa bai yi wa layin ba, in ba a gaya masa ba, zai koma ya yi wata shida yana gyaran abin da bai lalace ba, ya sake biyan jirgi, ya dawo da ƙahon nan dai. Alƙalai suna rubutu a takarda yayin da kowace lamba ke busa. Wasu ƙungiyoyin kan miƙa wa mai nema waɗannan bayanai in ya tambaya, kuma ban ga abin da zai hana sauran yin haka ba.